Yawon kallon tsuntsaye a bakin tekun Ingila da kaka: amsa ga ɗalibi mai shirin tafiya

"Malam, barka da war haka. Ni ɗan Tudun Wada ne a nan Zariya. Na gama digiri a fannin nazarin muhalli, Allah Ya sa na sami gurbin ƙaro karatu a Norwich ta ƙasar Ingila, zan tashi a watan Satumba. A cikin takardar shirye-shiryen da suka turo mini na ga an ware wata rana a ƙarshen Oktoba da za a kai mu wani gandun namun daji a bakin teku, mu yini muna tafiya a ƙasa. Ni ban taɓa ganin teku ba, babban ruwan da na sani shi ne Galma. Me ake gani a irin wannan wuri, me ya sa sai da kaka, kuma wane shiri zan yi don kada in zama abin dariya?"

Barka kadai, ɗana. Allah Ya sa a tafi a sa'a, a dawo da abin da aka je nema. In na fahimce ka, so kake ka san abin da ke kai mutane bakin teku daidai lokacin da sanyi ya fara kankama, da abin da idonka zai gani, da yadda za ka kintsa. Na daɗe ina kai ɗalibai kallon tsuntsaye a madatsar Kubanni da fadamun Galma, na yi ƙidayar tsuntsayen ruwa a Haɗeja da Nguru, kuma na yi kaka uku a gabashin Ingila lokacin da nake nawa karatun. Da wannan zan amsa maka. Sanina ya fi ƙarfi a wannan gefe namu na hamada, can kuwa baƙo ne ni da ya ɗan daɗe. Saboda haka duk inda jagoranku ya faɗi abin da ya saɓa wa nawa game da wurin, bi nasa.

Abu na farko, cire Yankari daga ranka. Ba giwa, ba ɓauna, ba gwanki. Abin da za ka tarar fili ne shimfiɗaɗɗe kamar tabarma: taɓo, rairayi, tsakuwa, ƙananan tafkuna, da doguwar ciyawar ruwa mai kama da kacalar da ta addabi masunta da manoman Nguru. Abin mamakin, waccan tasu lallaɓa ta suke yi, suna yanka wani sashe da hunturu a yi jinka da ita, a bar sauran don tsuntsaye. Tunda Norwich za ka, mafi kusa shi ne a kai ku gaɓar arewacin lardin Norfolk, tafiyar kamar awa guda a mota. A can akwai Cley, wadda aka saye a 1926 musamman don tsuntsaye, ita ce mafarin ƙungiyar kare namun daji ta lardin. Akwai Titchwell, wadda RSPB, ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, ta saya a 1973, da Snettisham a bakin wani babban lungun teku da ake kira Wash, da Blakeney Point da ke hannun National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi da filaye, tun 1912. Ko wacce aka zaɓa, tsarin kusan ɗaya ne: hanya a kan ganuwar ƙasa da aka yi don tare ruwa, sai wasu ƙananan ɗakunan katako masu siraran tagogi inda ake zama a leƙa tsuntsu ba tare da ya ga mutum ba.

Me ya sa sai da kaka

Kakarsu da tamu sun zo kusan lokaci ɗaya, Satumba zuwa Nuwamba, amma abin da ke biye da su ya bambanta. Mu hunturu ke biyo baya da hazo da bushewar leɓe. Su kuwa, can arewa da Ingila, a Aislan da Girinlan da arewacin Kanada da Saiberiya, ƙasa ce ke daskarewa gaba ɗaya, rana ta ɓace, ƙwari su ƙare. Tsuntsayen da suka je can da bazara suka yi ƙwai suka ƙyanƙyashe dole su bar wurin ko su mutu. Ingila tsibiri ce, ruwan ɗumin Tekun Atlantika yana kewaye da ita, don haka taɓon bakin tekunta bai cika daskarewa ba. Ga wasu nan ne masaukin hunturu. Ga wasu zango ne kawai, su ci su ƙoshi su wuce kudu, su bi gaɓar Faransa da Sifen da Maroko har Muritaniya da Gine Bisau.

To kaka ita ce ranar kasuwar wannan hanya. Masu tafiya na tafiya, masu zuwa na zuwa, ga 'ya'yan bana da suka ƙara yawan taron. Sai dai ranar da aka sa muku tana ƙarshen Oktoba, kuma a lokacin galibin masu zuwa Afirka sun riga sun ɗaga. Tsattsewa ta tafi, ƙananan tsuntsayen cikin ciyawa sun tafi tun Agusta da Satumba. Kana cikin jirgi kana yin arewa, su suna keta hamada suna yin kudu, za ku yi saɓani a sama. Waɗanda za ka tarar baƙin arewa ne, su ma sababbin zuwa kamarka.

Lissafin wata

Nan zan daɗe, don nan ne na fara yin asara, kuma nan ne kai Bazazzagi kake da abin da yawancin abokan karatunka ba su da shi.

Teku ba kamar Galma ba ce da ke cika da damina ta ƙafe da rani. Sau biyu take kawowa a yini da kwana, sau biyu take janyewa. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti kamar 25, shi ya sa kullum lokacin yake ja baya da kusan minti 50, daidai yadda fitowar wata ke ja baya. Dalilin kuwa wata ne ke jan ruwan, rana na taimaka masa. Idan wata da rana suka yi layi ɗaya da duniya, wato a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu, ƙarfinsu yana haɗuwa, sai ruwa ya kawo sosai ya kuma janye sosai, musamman kwana ɗaya ko biyu bayan haka. Idan wata ya yi rabi, wajen 7 ko 8 ga wata da kuma 22 ko 23, cikar takan yi rauni. A Legas bambancin cika da janyewa bai cika wuce mita ɗaya ba. A Wash, ranar babbar cika, yakan haura mita 6, kuma tunda ƙasar a shimfiɗe take, ruwan kan janye tafiyar kilomitoci ya bar taɓo tsirara.

Wannan taɓon shi ne rumbun abincin. Cike yake da tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi da 'yan halittu masu ɓawo. Idan ruwa ya janye, tsuntsaye sukan bazu can nesa inda ko da madubin hangen nesa sai ka ga kamar an barbaɗa barkono. Idan ruwa ya fara kawowa sai ya riƙa koro su gaba-gaba zuwa inda kake tsaye. In ƙaramar cika ce, akwai sauran taɓon da ruwa bai rufe ba, can za su tsaya su ƙyale ka. In babba ce, sai ta cinye taɓon ƙaf, dole su tashi.

Zuwana Snettisham na farko ban san wannan ba. Na ji ana ta ba da labarin wurin, na sami ranar Asabar da ba ni da aiki, na kashe kuɗin mota, na isa da hantsi. Ashe wata na da kwana takwas. Na yini a cikin iska ina kallon taɓo, na koma gida ina cewa Turawa sun cika zuzuta abu. Wani dattijo da muka haɗu a hanyar dawowa ne ya ciro 'yar takardar lissafin cikar ruwa daga aljihu ya nuna mini inda na yi kuskure. Da na dubi ranakun da ya ja wa layi, sai na ga ai farkon wata ne da tsakiyarsa, lissafin da kakata ke yi da yatsu ba tare da takarda ba.

Na koma kwana takwas bayan haka, wata na da sha shida, tun kafin gari ya waye, domin a wannan gaɓar babbar cika takan faɗo ne da sassafe da kuma wajen magariba. Akwai wani tsuntsun taɓo mai launin toka, bai kai kurciya girma ba, Turawa na ce masa not. Daga Girinlan da arewacin Kanada yake zuwa, kuma dubun-dubatarsa ke taruwa a Wash. Da ruwa ya rufe taɓon ƙarshe sai suka tashi gaba ɗaya. In ka taɓa ganin jan-baki sun taso wa gonar shinkafa, to ka sami kamanni, sai dai waɗannan idan suka juya bayansu sai garken ya yi duhu kamar hayaƙi, idan suka juya ciki sai ya yi fari fat kamar an girgiza alkyabba. Suka bi ta kanmu ƙasa-ƙasa, ba kuka, sai ƙarar fukafukai kamar ruwan sama a kan kwano, suka sauka a wani tsohon ramin haƙar tsakuwa da ke bayanmu, suka cunkushe kafaɗa da kafaɗa suna jiran ruwa ya janye. Mutum wajen ɗari a wurin, ba wanda ya ce uffan. Ni dai abin da ya zo mini a baki tasbihi ne.

Saboda haka da ka sami takamaimiyar ranar tafiyarku, duba kwanan watan Musulunci. In ta faɗo kusa da tsayuwar wata ko tsakiyarsa, kuma Wash za ku, to ka yi sa'a. In ba haka ba, kada ka damu, a Cley da Titchwell akwai tafkuna a bayan ganuwa waɗanda tsuntsaye ba sa rabuwa da su, sai ka nemi wata ranar ka je Snettisham da kanka. Hukumar wurin takan wallafa ranakun babbar cika a intanet.

Wannan lissafin kuma shi ne na tsira da rai. A shimfiɗaɗɗen wuri ruwa ba ta gaba kaɗai yake zuwa ba. Yakan fara cika ƙoramun da ke bayanka, kana tsaye a busasshen rairayi kana ɗaukar hoto, ka waiwaya ka ga an raba ka da tudu. A watan Fabrairun 2004, a Morecambe da ke arewa maso yammacin Ingila, ruwa ya rutsa da wasu 'yan Sin masu tonon abincin teku a cikin rairayi da dare, fiye da 20 suka rasu. Kada ka sauka daga hanyar da aka shata. In wani abu ya faru, lambar ita ce 999, ka ce a haɗa ka da masu tsaron gaɓar teku.

Abin da ido zai gani

Wanda zai fara yi maka sallama, tun kafin ka gan shi, dinya ce. Ba irin tamu baƙa mai ƙaya a fiffike ba, wata ce mai launin ƙasa da ƙafafu ruwan hoda, daga Aislan da Girinlan take zuwa tun tsakiyar Satumba. Sukan kwana a kan rairayin da ruwa ya kewaye don tsoron yanyawa, da asuba su tashi dubbai a jere, layi bayan layi, suna kuka, su nufi gonakin da aka cire wani irin tushe mai kama da gwaza wanda ake yin sukari da shi, su yi kalar abin da injin ya bari. Da yamma su dawo. In akwai farin wata kuwa, sau da yawa sai su yi zamansu a gona su ci dare, masu jiran dawowarsu su sha sanyi a banza. Ka ga wata ya sake shigowa. Akwai kuma wata ƙaramar dinya baƙa mai ɗan farin zane a wuya, ita daga Saiberiya take, ba ta nisa da ciyawar gishiri.

Tsuntsayen taɓo su ne za su ruɗa ka, don duk launin toka da ƙasa-ƙasa ne da kaka. Shawarar da nake ba ɗalibaina a Kubanni ita zan ba ka: ƙyale launi, dubi baki da ƙafa da yadda yake cin abinci. Mai dogon baki lanƙwasasshe zuwa ƙasa yana zura shi ne can cikin taɓo ya zaro tsutsa. Mai gajeren baki gudu yake ya tsaya, ya tsinci abin da ke sama. Wani kuma fari da baƙi, bakinsa siriri ya lanƙwashe sama, yana share ruwa da shi hagu da dama. Wannan shi ne a tambarin RSPB, don ya taɓa daina haihuwa a ƙasar na kusan shekara ɗari, sai a 1947 ya dawo. Kowa da zurfin da bakinsa ke kaiwa, shi ya sa iri goma za su ci a taɓo ɗaya ba faɗa, kamar 'yan kasuwar Sabon Gari, kowa da layinsa.

Za ka kuma ga 'yan gida. Zalɓe yana nan tsaye a bakin ruwa kamar wanda aka ba ajiya, shi ne dai wanda ka sani. Akwai farin nan siriri mai baƙin baki da ke kamun kifi a fadamunmu, wanda bai fara haihuwa a Ingila ba sai 1996, yanzu kuwa ya zama gama-gari. Har belbela ta isa, a 2008 ta fara ƙyanƙyasa a can, kuma in aka gan ta a bayan shanu za ka ga mutane sun kafa madubai suna murna. Ranar da na fara ganin haka dariya ta kusa kufce mini. Na ce wa na kusa da ni a garinmu ko yaro ba ya ɗaga kai don ita, ya ce to ai shi ma ba ya ɗaga kai don dinyar da ta sa ni na saki baki ɗazu. Na yi shiru.

Iska ma tana da nata rabon. Idan ta kwana biyu tana busowa daga gabas, ƙananan tsuntsaye daga ƙasashen Sikandinebiya sukan faɗo a kan bishiyoyin farko da suka tarar, a gajiye liƙis. A cikinsu akwai mafi ƙanƙanta a Turai, mai ɗan zanen rawaya a ka, nauyinsa giram 5 zuwa 6, wato dunƙulen Maggi ɗaya da rabi, amma ya ƙetaro teku cikin dare. A irin wannan rana ce wani ɓataccen tsuntsu daga Saiberiya kan bayyana, sai ka ga manyan mutane sun bar aiki sun tuƙo mota awa biyar don su gan shi na minti biyu. Kada ka yi musu gardama, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Dabba mai shayarwa da za ka fi so ka gani ita ce sil. Siffanta ta da ayu, sai dai ita kifi take ci, kuma tana fitowa tudu ta kwanta. Namijin babba yakan kai kilo 300. A Blakeney Point ne ake da taro mafi girma a Ingila na irin mai launin toka, inda ake haifar 'ya'ya dubbai a shekara. Haihuwar takan fara ne a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba ta yi ƙarfi a Disamba, don haka ranarku ta ɗan yi wuri. Ɗan yakan zo da farin gashi, uwar ta shayar da shi kamar sati uku da nono wanda kusan rabinsa kitse ne, ya ninka nauyinsa sau uku, sannan ta tafi ta bar shi. In ka ga ɗa shi kaɗai a rairayi, ba maraya ba ne, kada ka matsa. Uwar na iya guje masa in an dame su, kuma suna cizo.

Kada ka taɓa mataccen tsuntsu ko marar lafiya. Murar tsuntsaye ta yi wa tsuntsayen tekun Birtaniya ɓarna sosai a 2022. Mu ma mun san ta, don a nan kusa da mu, a Jaji, aka fara tabbatar da nau'inta mai suna H5N1 a nahiyar Afirka a watan Fabrairun 2006.

Daga can zuwa nan

Wani zai tambaye ka daga ina kake, in ka ce arewacin Nijeriya, masu kallon tsuntsu na gaske za su matso. Ga dalili. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke haihuwa a shingayen gonakin Ingila ya yi hunturu a Sahel. A bazarar 1969 fiye da kashi biyu bisa uku nasu ba su koma ba. Masu ƙidaya suka yi ta neman dalili a gida ba su samu ba, sai daga baya aka gano ƙarancin ruwan sama ne na 1968 a kudancin hamada. Fari ne ya fara, wanda ya kai ga yunwar farkon shekarun 1970 da iyayenku ke ba da labari. Tsuntsun ya kai labarin Turai kafin gidajen rediyo su kai.

Sai dai kada ka yi saurin cewa tsuntsun Norfolk shi ne na Kubanni. Galibin na Ingila yamma suke bi, su sauka Senegal da Gambiya da Mali. Namu na Zariya sun fi fitowa daga tsakiya da gabashin Turai, su keto hamada kai tsaye. Dangi ɗaya ne, gari daban. Ɗan rawayan nan mai kaɗa wutsiya da ke bin ƙafafun shanun Fulani a fadama da rani, da shahon da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawar ruwa da fukafukai a ɗage, da masu dogayen ƙafafun da ke cika gonakin shinkafar Haɗeja, duk akwai irinsu a jerin tsuntsayen Cley. Akwai kuma waɗanda suka ratsa mu da gaske. Tun 2011 wata cibiyar bincike da ke Thetford, a cikin Norfolk ɗin, take ɗaura wa tsuntsun kuku 'yar na'ura tana bin sa ta tauraron ɗan'adam, aka ga yana yin hunturu a dazuzzukan Kwango, wasu kuma suna yada zango a Nijeriya a hanya.

Zariya ma ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. A shekarun 1960 wani Bature, Hilary Fry, ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarin tsuntsayen kewayen garin nan, musamman masu cin ƙudan zuma da ke haƙa rami a gaɓar rafi, daga baya ya zama ɗaya daga manyan masana tsuntsayen Afirka. Yau kuma akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Jos da ke horar da matasanmu. Kuma kai da kanka ka san ƙaura tun kana yaro. Shamuwa takan zo da ruwan farko ta yi sheƙa a bishiyar tsakar gari, ta tafi in damina ta ɗauke. Ita ba ta ƙetare hamada, kudancin Afirka take yi, amma dalilin ɗaya ne, abinci take bi.

Shiri

Sanyin ƙarshen Oktoba a ma'auni bai fi na asubahin hunturun Samaru tsanani sosai ba. Bambancin shi ne namu busasshe ne kuma rana na fitowa ta kore shi, nasu jiƙaƙƙe ne, da iska daga teku wadda ba bishiya ba dutse da zai tare ta. Kuskurena na farko shi ne na sayi ƙatuwar riga guda mai nauyi na sa wandon jins. Da muka yi tafiya na yi gumi, da muka tsaya gumin ya huce a jikina, yayyafi ya jiƙa wandon ya ƙi bushewa har dare. Sa riguna marasa nauyi uku, ɗaya kan ɗaya, ta waje ta zama mai hana ruwa da iska, yadda za ka iya cirewa ka mayar. Hular sanyi mai rufe kunne, safar hannu, safa mai kauri, da takalmin da ruwa ba ya shiga. Lema ba ta da amfani, iska za ta juye ta. Guji farar riga da mai ƙyalli. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji suna da yawa a Norwich, a can na yi sayayyata da araha.

Madubin hangen nesa kada ka saya tukuna. Sashenku zai iya ba da aro, kuma manyan wuraren suna ba da haya. In ka tashi saye, nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa. Dabarar amfani da shi ɗaya ce: kafa idonka a kan tsuntsun, sannan ka ɗago madubin zuwa idon ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Ɗauki ƙaramin littafi da fensir, don biro na ƙin rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda. Zuba shayi a fulas, ka riƙe abincinka.

A ɗakin leƙe ana magana ƙasa-ƙasa, ba a fitar da hannu ta taga a yi nuni, ba a buga ƙofa. Tambaya kuwa yi ta son ranka. Mutanen nan ba su cika fara yi wa baƙo magana ba, amma ka ce wa dattijo mai babban madubi "mene ne wancan?", sai ka gaji da bayani. Za ka haɗu da karnuka a wasu hanyoyin, galibi a ɗaure da igiya, in ba ka so su shinshine ka sai ka koma gefe ka faɗa wa mai shi cikin ladabi.

Ga batun salla. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba suke mayar da agogo baya da awa ɗaya. Kafin ranar agogonsu daidai yake da namu, bayanta muna gabansu da awa guda. In tafiyarku ta zo bayan canjin, azahar na shiga kafin sha biyu, la'asar wajen biyu, rana ta faɗi wajen huɗu da rabi, wato salloli uku na iya samun ka a fili. Yi alwala a ginin karɓar baƙi kafin ku shiga, don bayan nan ba famfo. Alƙibla daga can kudu maso gabas take. A gaɓar arewacin Norfolk teku na arewa, saboda haka ka ba ta baya ka karkata hagu. Hukuncin haɗa salla ko shafa a kan safa kuwa ba fagena ba ne, tambayi malaminka kafin ka tashi. Faɗa wa jagoran tun da safe cewa za ka tsaya na minti biyar, ban taɓa samun wanda ya ƙi ba.

Abin da ba zan iya yi maka alkawari ba shi ne tsuntsun kansa. Na taɓa yin yini a Titchwell cikin hazo ban ga abin da ya wuce agwagi goma ba. Gaɓar ma tana canzawa: a Disambar 2013 teku ta yi toroƙo ta fasa ganuwa a wurare da dama, ta shiga Cley da ruwan gishiri, don haka wata hanyar da na bi a da wataƙila yanzu an karkatar da ita.

Tunda sai Satumba za ka tashi, akwai sauran lokaci. Daga ƙarshen Agusta tsuntsayen taɓo na farko sukan fara sauka a bakin ruwayenmu, shamuwa ma ba ta riga ta tafi ba. Ranar Asabar bayan sallar asuba mukan fita Kubanni da ɗalibai, akwai madubi guda da ba mai shi. Zo da littafi da fensir, ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa, mu fara da bambance mai dogon baki da mai gajere.